Yatsa Ɗaya Na Bari

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bina a wannan shafi. Ku gyara zama, don yau ma a hankali zan tafi. Dama ni ba mai sauri ba ne, shi ya sa gida da gareji kowa Sanyi yake ce mini.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in gaya masa ko ni wane ne. Makanike ne ni, amma ba na taɓa inji. Ƙafar mota ce aikina: taya, sifirin, shok, da duk wani ƙarfe da yake riƙe da su. A aji huɗu na bar makaranta, tun daga nan rabin rayuwata a cikin rami take, ina kallon motocin mutane ta inda su kansu ba su taɓa gani ba.

Ita kuwa wadda zan ba ku labarinta, a kantin magani take aiki, tsallaken titin garejinmu. Ranar da na fara shiga wurinta da yankakken hannu na ce, "Likita, a taimaka." Ta ce ita ba likita ba ce, miƙo magani kawai take yi. Ta dubi baƙin man da ke jikin rigata ta ce, "Zauna, Injiniya." Na ce ai ni ma ba injiniya ba ne. Ta ce to mun yi daidai, ƙarya biyu sun haɗu. Daga ranar sunayen suka kama mu. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan.

Wata uku da suka wuce babanta ya bar mata tsohuwar motarsa, 'yar ƙarama, shuɗiya. Dama shuɗi ne launinta. Jakarta shuɗiya, murfin wayarta shuɗi, har takalmin robar da take sawa a kanti. Ta tsallako da rana tsaka, farar rigar aiki a jikinta, ta tura mini waya a fuska.

"Injiniya, kalli nan. Haka nake so tawa ta koma."

Hoton wata mota ce da aka zaunar da ita ƙasa, cikinta kamar zai shafi kwalta.

"Likita, wannan ai ta 'yan yawo ce, ba ta mai zuwa aiki ba."

"Au, ni tsohuwa ce? Motar nan tsaye take kamar akuya a kan dutse. Ni so nake ta kwanta kamar kyanwa za ta kama ɓera."

"Akwai wahala a ciki fa."

"Wahalar ai taka ce. Ko ba za ka iya ba ne, in kai wa wanda ya iya?"

Ta san inda take taɓawa. Na ce ta bar mukullin.

Bari in ɗan yi muku bayani, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane abin da ya ƙona ni ba. Idan aka rage wa mota tsayi, tayoyin gaba karkacewa suke yi, kansu ya kwanta ciki, ƙasansu ya baje waje, kamar mutum mai gwame. Wannan karkacewar ita muke ce wa kamba. In aka bar ta haka, wata biyu ya isa taya ta cinye tas ta gefen ciki. Maganinta shi ne a cire hannun ƙarfen da ke riƙe da taya ta sama, a sa wani na musamman mai noti, wanda ake turawa waje ko ciki har taya ta miƙe. To amma shi sabon hannun ƙaton kai gare shi, ya fi na asali tudu. Mota ta sauko, kan hannu ya ƙara tsawo, sai ya zama tsakaninsa da jikin motar ta sama ɗan wuri ne ya rage. In mota ta faɗa rami ko ta hau tudun titi, wurin kuma bai isa ba, sai ƙarfe ya daki ƙarfe: ƙwas! Yau ƙwas, gobe ƙwas, wata rana gwiwar da taya ke juyawa a kanta ta tsinke ana cikin gudu. Na taɓa ganin motar da hakan ta samu. Ba na son tunawa.

Ƙa'idata yatsa biyu ce. Ba na sakin mota sai na zura yatsuna biyu sun shige tsakanin kan hannun da jikinta. Amma da na tsaya a yatsa biyu, Likita ta zo ta zagaya motar ta taɓe baki.

"Har yanzu akuya ce."

Kwana huɗu na yi ina fama. Sifirin ɗin da na sa mata mai zobe ne, in an murɗa zoben mota ta sauka ko ta tashi. Sai in sa ta zauna a kujerar direba, ni in zauna a gefe, in shafa alli a kan hannun, mu zagaya unguwa mu bi duk wani tudu da na sani. Mu dawo in shiga rami in duba ko allin ya taɓa sama. In bai taɓa ba in ƙara saukewa rabin murɗi. Haka, haka, har muka kai yatsa ɗaya. Nan na tsaya.

"Likita, saurare ni da kyau. Motar nan yanzu da nauyinki na auna ta. Ke a nan, ni a can. In wani mai jiki ya zauna a kujerar nan ya tuƙa, za ta daki sama. Kada ki ba kowa."

"Wa zan ba? Ko ƙanena ya taɓa mukullin nan sai na karya masa hannu." Ta shafa sitiyari tana murmushi. "Wato motar mutum biyu ce."

"Ta mutum biyu ce."

"To Allah ya bar ta haka."

Na ce amin har cikin ƙashina. Na ce bayan wata ɗaya ta kawo in sake dubawa.

A gida mu huɗu ne: Umma, Yaya, ni, sai ƙanwarmu Auta. Baba ya rasu ina shekara goma sha biyu. Yaya mai bugun jikin mota ne, sana'ar Baba ya gada har da kayan aikinsa. Ƙaton mutum ne, in ya zauna a doguwar kujerar falonmu sai ta yi kuka, Auta kuwa Tirela take ce masa in ba ya kusa. Shi ne ubanmu. Shi na fara gaya wa maganar Likita, shi kuma ya ce in kwantar da hankalina, da kansa zai je ya ga babanta.

Ranar da na gama motar muna cin abinci a falo, fanka tana ta ƙugi, ni da ba na magana sai bakina ya ƙi rufuwa.

"Yatsa ɗaya?" in ji Yaya. "Kai da kake yi wa mutane wa'azin yatsa biyu?"

"Ba ta da nauyi, Yaya. Na auna."

Auta ta kwashe da dariya har ta sarƙe. "Umma, kin ji ko? Har nauyinta ya sani, mu ko fuskarta ba a kawo mana mun gani ba!"

"Rufe mini baki, marar kunya," in ji Umma, ita ma tana danne dariya da gefen ɗankwali. Sai ta juya kan Yaya. "Kai kuma Babba, yaushe za ka je wurin mahaifin yarinyar nan? Tun yaushe ake faɗa. Kai ba ka kawo taka ba, ka tare wa ƙanenka hanya kamar motar da ta mutu a tsakiyar gada."

"Zan je, Umma. Bari in fara ganin yarinyar, in san irin gidan da za mu shiga."

Na ji daɗin maganar nan. Washegari ni da kaina na kai shi kantin. Na ce, "Likita, ga Yayana, ga kuma ubana." Ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa ruwan sanyi. Da muka fito ya zagaya motar, ya shafa ta da tafin hannu, ya ce fentin yana son gogewa, wata rana ta kawo masa ya goge mata. Ni na ba shi lambarta, jama'a. Da bakina na karanta masa, har na maimaita don kada ya yi kuskure.

Wata ɗaya ya cika, na tura mata saƙo: "Likita, lokacin duba ƙafa ya yi." Ta amsa: "Lafiyarta ƙalau Injiniya, ko tari ba ta yi." Wata biyu: "Aiki ya yi yawa, sai wani satin." Ta daina ajiye motar a gaban kanti inda nake hango ta daga bakin rami, ta koma ajiyewa a baya, wai rana tana cin fenti. Da can in na ce mata sannu da aiki, murya take aiko mini mai tsawon minti uku, har da labarin tsohon da ya zo neman maganin mantuwa ya manta sunan maganin. Yanzu sai hoton babban yatsa. Yaya kuwa duk sanda Umma ta taso da maganar sai ya ce, "A bari tukuna, ina bincike." Ni kuma in ce masa Allah ya ƙara girma.

Ranar Lahadin nan da safe Yaya ya ce shi ma ya samu wadda zai aura. Umma ta kusa ɓarar da shayinta.

"Wace ce? 'Yar wane gida ce?"

"Za ki gan ta ranar Asabar."

"Alhamdulillahi! To shi ke nan, ranar Asabar kowa ya kawo tasa, in gan su tare in huta. Ka ji ko, Sanyi? Binciken ya isa haka."

Auta ta miƙe tana rawa da buroshi a baki. Yaya kuwa yana ta juya cokali a kofin da babu komai a ciki. Na ɗauka kunya ce. Na tura wa Likita cewa Umma tana son ganinta ranar Asabar. Sai can da la'asar ta amsa. Kalma biyu: "Zan zo."

Jiya Alhamis na zagaya ta bayan kantin don in yanke hanya zuwa wurin mai sayar da noti. Ga motar a inuwa. Ido ne da ya saba, tun daga nesa na ga tayar gaba ta ɓangaren direba ta karkace, kanta ya kwanta ciki. Na shiga kantin. Mutum uku suna layi.

"Likita, ba ni mukulli."

Ta ɗago. "Na me?"

"Taya ta karkace. Ba zan bari ki je gidanmu da gurguwar mota ba, Auta ta samu abin faɗa."

"Bar shi mana sai bayan Asabar."

"Awa ɗaya ce."

Ta dubi masu layi, ta dube ni, ta buɗe jaka kamar mai neman abin da ba ta so ta samu. Ta ajiye mukullin a kan teburin kantin, ba ta miƙo mini a hannu ba.

Na hau da motar kan rami, na sauka da fitila. Ɓangaren direba na fara haskawa.

Kan hannun ya goge yana ƙyalli kamar cokali. Robar da ke rufe gwiwar ta yage, man ciki ya bushe. Notin ya zame daga inda na ɗaure shi, shi ya sa taya ta kwanta. Wannan ba dukan kwana ɗaya ba ne, ba na sati ɗaya ba. Na ce a raina wataƙila ta ɗauko kaya masu nauyi, wataƙila ƙawayenta ta cika a ciki. Sai na ɗaga fitilar sama.

Jikin motar, daidai inda kan hannun yake duka, an buga shi ya lotsa sama kamar cikin kwano. Ba dukan hannun ba ne, dukan guduma ne. Wani ya cire taya, ya zauna, ya buɗe wa ƙarfen wuri don ya daina ƙara. Aiki mai tsabta, an bi shi da baƙin fenti. Na kankare da farce, sai ga wani fentin a ƙarƙashi. Sau biyu aka yi.

Na matso da fitilar. A cikin kowane duka akwai ɗan tabo, lanƙwasasshe, kamar jinjirin wata.

Ku yi haƙuri in koma baya kaɗan. Ina shekara goma na saci gudumar Baba na je ina fasa dutse da ita, sai bakinta ya ɓantare. Baba ya dawo ya gani, ya tara mu. Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Ni ne." Shi ya sha dukan, ni ina laɓe a bayan ƙofa ina kuka. Gudumar tana nan a hannunsa har yau, ya ƙi canzawa, ya ce hannun Baba yana jikin ƙotarta. Duk inda ta sauka sai ta bar wannan jinjirin watan. Ni na yi mata shi. Ko a cikin guduma dubu zan gane shi.

Na haska ɗaya ɓangaren. Can ba a buga ba, amma fentin ya kankare shi ma. Wato wani lokaci shi ke tuƙi, wani lokaci ita, shi yana gefe. A kujerata.

Ban san tsawon zaman da na yi a ƙasan ramin ba. Sai da maigidan garejinmu ya leƙo ya ce, "Sanyi, ka mutu ne a ciki, mu rufe da ƙasa?" Na ce ina nan.

Na goge hannu na ciro waya. Har a lokacin ina nema musu hanya.

"Likita, wani ya tuƙa motar nan?"

"Haba Injiniya. Ba na ce maka ko ƙanena ba na ba shi ba?"

"Kin taɓa kai ta wurin Yaya gogen fenti?"

Wayar ta nuna tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake nunawa. Ta tsaya. Sau uku.

"A'a. Tun ranar da ka kawo shi ban sake ganinsa ba. Lafiya?"

Na rubuta, "Lafiya."

Da ta ce mini e, wallahi da na yarda. Da na ce ai gwada ta ya yi bayan goge fenti, ya ji ƙara, ya taimaka. Na riga na shirya musu wannan uzurin a raina, amsa ɗaya kawai nake jira in ɗora shi a kai.

Wurin aikin Yaya tafiyar minti goma ce. Na same shi a tsugune yana miƙe ƙofar wata mota, gudumar Baba a hannunsa. A jikin bango, cikin leda, sabuwar riga tana rataye a ƙusa. Shuɗiya. Yayan da duk rayuwarsa baƙi da ruwan toka yake sawa.

"A'a, Sanyi! Yau rami ya yi amanka da rana tsaka?"

"Yaya, ara mini gudumar."

"Naku an sayar an ci abinci ne?" Ya miƙo yana dariya.

Na tsinci guntun ƙarfe a ƙasa, na ɗora a kan gungume, na buga sau ɗaya. Na miƙa masa.

"Na ga irin wannan yau. Sun fi talatin. A ƙarƙashin shuɗiyar mota."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta ba. Ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya goge hannu a wando, hannun da babu komai a jikinsa.

"Ƙara take yi," ya ce. "Na ji tsoron kada wani abu ya samu yarinyar."

"In ita ke tuƙi ba ta ƙara, Yaya."

Ya kau da kai.

"Kuma ba a nan ake gyarawa ba. Ka buɗe sama, ba ka duba noti ba. Gwiwar saura ƙiris ta tsinke. Da ka kawo mini."

"Ta yaya zan kawo maka?"

Da ƙarfi ya faɗa, har mai walda na gefe ya ɗaga gilashinsa ya dube mu. Shi kansa sai da maganar ta fita sannan ya ji abin da ya ce. Ya zauna daɓas a kan tsohuwar taya.

"Ɗan'uwa, zauna mu yi magana. Wallahi ba haka na nufa ba. Bincike na je yi, kamar yadda na faɗa, sai... sai abin ya zo."

"Na gani. Ka bincika sosai."

"Na so in gaya maka. Kullum in na shigo gida sai in ce yau, sai in gan ka kana..." Ya kasa ƙarasawa.

Ni ban iya rigima ba, jama'a. Tun ina yaro in raina ya ɓaci muryata ƙasa take yi, ba sama ba. Na tsaya ina kallon mutumin da ya sha duka saboda ni. Abu ɗaya ne kawai ya zo bakina.

"Kilo nawa kake yanzu?"

"Me?"

"Nauyinka."

Ya dube ni kamar na zautu. "Ɗari da biyar. Me ya kawo..."

"To."

Na jingina gudumar Baba a jikin ƙafarsa na fito. Ya kira ni sau biyu. Ban waiwaya ba.

Na koma rami. Na cire gwiwar da ta lalace na sa sabuwa. Na miƙar da taya, na ɗaure noti, na shafa alli. Ni kilo sittin ne, don haka na ɗauko tsofaffin batura biyu na ajiye a bayan kujerar direba, suka cika mini nauyin Yaya. A kujerar gefe na zaunar da buhun yashi daidai nauyinta, na ɗaura masa bel. Na tuƙa na bi duk tudun da muka bi ni da ita wancan lokacin. A na farko, ƙwas! Na dawo na murɗa zobe ta tashi. Na sake fita. Ƙwas, amma a hankali. Na dawo na ƙara. Sau biyar na zagaya unguwar nan ina zaune a matsayin Yayana, da buhu a gefena. Maigida yana ta kallona yana girgiza kai, ya ce yau Sanyi ya samu fasinja mai irin surutunsa.

A zagaye na biyar allin bai taɓa ba. Na zura yatsuna. Biyu da rabi.

Wani zai ce me ya sa na gyara. Ni ma na tambayi kaina. Amma na ce muku na taɓa ganin motar da gwiwarta ta tsinke a kan gudu. Mutum biyun da za su kasance a cikin wannan, ɗaya Umma ce ta haife shi.

Da rana ta yi sanyi Likita ta tsallako, ta cire farar rigar, shuɗin mayafi a kafaɗarta. Tun daga bakin ƙofa ta tsaya.

"Injiniya! Me ka yi mata? Ta koma akuya!"

"Na auna ta da nauyin mai tuƙa ta."

Jakarta ta zame daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ba ta gyara ba. Ta dubi motar, ta dubi baturan da na sauke a gefe, ta dubi buhun. Yarinya ce mai kaifin kai, ba sai an yi mata bayani biyu ba.

"Ya ce ba za ka gani ba," ta ce a hankali. "Ya ce ya shafe da fenti."

"Aikinsa yana da kyau. Gudumar ce take da tabo."

"Ya ce shi zai gaya maka kafin Asabar."

"Da na ce Umma tana son ganinki, kin ce za ki zo." Na dube ta. "Da wa za ki zo, Likita?"

Ta sunkuyar da kai. Hawaye ya gangaro ya ɗiga a kan mayafin, wurin ya ƙara duhu. Sai kuma ta ɗago da fushi, irin fushin wanda aka kama.

"Kai ba ka cewa komai! Shekara da wata huɗu kana aunawa, kana aunawa, rabin murɗi, rabin murɗi. Babana yana tambayata kullum ina mutumin, ni ban san me zan ce masa ba. Shi kuwa zuwansa na biyu ya faɗi abin da ke ransa, ya kuma je ya zauna da Baba!"

"Ya je wurin babanki?"

"Tun watan jiya."

"Ai ni na aike shi."

Ta rufe baki da hannu. Ni kuwa sai na dafa motar. Ashe ya je ɗin. Ya cika alkawari, ya sa takalmi ya je, ya zauna a gaban dattijon. Sunan ne kawai ya canza a hanya.

Na miƙa mata mukullin, a hannu.

"Bayan wata ɗaya a kai a duba noti. Ba sai wurina ba, amma a kai. Kada a bari wani ya sake bugun sama."

"Injiniya..."

"Ni makanike ne."

Ta shiga ta tayar. A bakin ƙofar garejinmu akwai wani mugun tudu da babu motar da ba ta yi masa magana. Na kasa kunne. Ta hau, ta sauka. Ko ƙis. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba.

Ina wanke hannu a bakin famfo waya ta yi ƙara a aljihuna. Umma ce. Na goge yatsa ɗaya na ɗauka. Hayaniyar kasuwa ta cika mini kunne, ina jiyo muryar Auta tana gardama da mai kaya.

"Sanyi, kana ji na? Ga ni a wurin masu mayafi. Na ce ba za su shigo mini gida su fita hannu rabbana ba. Taka wane launi take so?"

Bakina ya riga ni. "Shuɗi."

"Ikon Allah! Auta, kin ji? Yanzu na kira Babba da ƙyar ya ɗauka, shi ma shuɗi ya ce! Ashe jinin nan ɗaya ne har a zaɓe." Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ta yi ba, tun Baba yana nan. "To bari in sayi iri ɗaya guda biyu, kada gobe a ce na fi son wata. Malam, ciro mini biyu, wancan mai ɗinkin baki."

Ruwan famfo yana ta zuba a kan takalmina. Na ji mai kaya yana buɗe leda.

"Umma."

"Na'am? Ɗaga murya mana, kai kullum kamar mai magana daga cikin rijiya."

"Sayi ɗaya."

"Ɗaya kamar yaya? Rowa za ka koya mini da tsufana?"

Na kashe famfon.

"Ɗaya ya isa, Umma. Kai ɗaya ne zai yafa."